Malam Gaskiya da Waƙar Auta

Yayana likitan haƙori ne, kuma tun ranar da ya yi ritaya ya yanke hukuncin cewa kunnuwansa sun sha wuyar da ta isa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jin kukan injin huda haƙori da ihun masu ciwo, don haka yanzu lokacin lallashin kunne ne. Wani idan ya ajiye aiki gona yake saya, wani kiwon kaji yake faɗawa. Shi Yaya hedifon ya shiga saye, abin jin kiɗan nan da ake kifawa a kunnuwa.

Kada ka kawo wa ranka irin wanda ake ratayewa a bakin titi. Waɗannan a akwati suke zuwa, akwatin ma a cikin wani akwatin, kuma kowanne da sunan da Yaya ya raɗa masa. Akwai Katako, wanda bayansa a rufe yake da itace mai sheƙi, idan ganga ta buga a cikinsa har haƙoranka sai sun amsa. Akwai Mai Lallashi, mai fata laushi, wanda aka ce ko mawaƙi ya yi kuskure shi zai rufa masa asiri. Sai babbansu, Malam Gaskiya. Bayansa a buɗe yake da raga kamar rariya, ba ya ƙari ba ya ragi, abin da aka ɗauka shi zai zuba maka a kunne. Aibinsa ɗaya, ba ya riƙe sirri: duk wanda ke kusa da kai yana jin tsi-tsi-tsi na abin da kake ji.

Ni ƙanwarsa ce, tela. Na dawo gidan da kekena bayan rasuwar matarsa, Allah ya jiƙanta, don in riƙa ganin cin sa da shan sa. Na tarar ɗakin baƙi ya zama ɗakin sauraro. An cire agogon bango saboda yana ƙas-ƙas. An ja firij daga jikin bangon ɗakin saboda yana gurnani. Ni ma an kafa mini doka, ranar Asabar da rana ba a taka keke. Ranar da na buɗe wata durowa ina neman almakashi na tarar da sabon hedifon yana rera waƙa shi kaɗai a cikin duhu, saura kaɗan in zura da gudu. Yaya ya ce in rufe, nuna yake yi. Wai sabo ɗanye ne, sai ya yi kwanaki yana kiɗa ba mai saurarensa kafin ya cancanci hawa kan mutum.

Asabar ɗin da aka hana ni ɗinki, ita ce ranar da abokansa biyu suke zuwa. Lauya mutumin Mai Lallashi ne, kuma yana kare shi kamar an biya shi kuɗin aiki. Kyaftin kuwa tsohon matuƙin jirgin sama ne, ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne. Idan ka gaishe shi sai ka maimaita, amma yana rantsuwa yana jin bambanci tsakanin igiyar hedifon ta tagulla da ta azurfa. Katako yake so, kuma ni dai na san dalili, shi kaɗai ne yake kai masa saƙo.

Idan na kai musu shayi sai in ji suna magana irin ta masu ɗanɗana miya.

"Wannan ya yi ɗumi," in ji Lauya, idonsa a rufe.

"Ɗumi ne ko duhu?" in ji Yaya. "Saka Malam Gaskiya ka ji yadda iska take shiga tsakanin kayan kiɗan."

"Iskar ta yi yawa, Dakta. Akwai yashi-yashi a sama."

"Ƙwarai kuwa, ƙasan ya cika," in ji Kyaftin, wanda bai ji ko ɗayansu ba.

Ban taɓa jin ɗayansu ya ce waƙa ta yi daɗi ba. Da alama a wurinsu wannan maganar 'yan koyo ce.

Auta ita kaɗai ta rage a gidan cikin 'ya'yan Yaya. Da safe tana koyarwa a makarantar firamare, da yamma tana zuwa sutudiyon wasu abokanta. Ita da wani farin iyafis na cusawa a kunne take jin waƙa, wanda igiyarsa ta ɓare ta naɗe da salatif. Duk lokacin da Yaya ya gan shi sai ya kawar da kai kamar ya ga ruɓaɓɓen haƙori. Ya sha ce mata wannan abin zaluntar kunne ne, ita kuma ta sha ce masa ita waƙar take ji, ba abin ba.

Wata rana ta shigo ɗakin ɗinkina ta rufe ƙofa, ta cusa mini kunne ɗaya na iyafis ɗin.

"Gwaggo, ki ji. Tawa ce, ta farko."

Waƙar ta fara da kiɗa zalla, wata tsarkiya a hankali, sai ganga ta shigo. An ɗan jima kafin muryar Auta ta fito. Ina cikin gyaɗa kai, a tsakiyar waƙar, sai kayan kiɗan suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka bar wani shuu irin na tsohuwar waya. A cikin shuu ɗin sai ga muryar matar Yaya, tana rera 'yar waƙar nan da take yi idan tana guga. Ta rera, ta ɗan yi shiru, ta ci gaba. Ni na ɗauka numfashi ta tsaya ja, domin a shekararta ta ƙarshe numfashin ba ya isarta. Hawayena ya ɗiga a kan yadin wata mata da ban ma gama yanka ba.

"Saƙon murya ne ta turo mini ina makaranta," in ji Auta. "Ban taɓa gogewa ba. Amma ba zan saki muryar Mama duniya ta ji ba sai Baba ya yarda. Matarsa ce."

Washegari muna karin kumallo ta ajiye wa Yaya ɗan filashin kwamfuta kusa da kofinsa.

"Baba, na yi waƙa. Don Allah ka saurara har ƙarshe. Akwai abin da nake neman izininka a kai."

Yaya ya ɗaga filashin yana dubawa a haske. "Ba dai matsattsen fayil ba ne irin na waya?"

"Cikakke ne. Na san halinka, na sa sun ba ni na asali."

"Yauwa. Haka ake yi." Ya soka shi a aljihun gaba, ya dafa aljihun. Wallahi ya ji daɗi, na ga haka a fuskarsa.

Kwanaki suka wuce ba labari. Kullum Auta ta dawo daga aiki sai ta dubi fuskarsa, kullum fuskar lafiyarta lau. Can wani dare muna cin abinci ya ajiye cokali ya gyara murya, irin gyaran muryar da yake yi a da kafin ya faɗa wa mutum haƙori nawa za a cire.

"Auta, na saurari aikinki. Duk wanda ya ɗauki gangar nan ya san abin da yake yi. Kina jin fatar, kina jin hannun, har faɗin ɗakin kina ji. Tsarkiyar tana da ɗan kaifi a Malam Gaskiya, amma a Mai Lallashi ta kwanta." Ya ɗan dakata don ya ba albishirinsa fili. "Na saka ta cikin waƙoƙin gwajina."

A duniyar Yaya babu lambar yabo da ta wuce wannan. Mawaƙan da suke cikin jerin nan ba su da yawa, kuma galibinsu sun mutu.

"Shi ke nan, Baba?"

"Ƙasan yana son ɗan ƙari, amma wannan ra'ayin Kyaftin ne."

"Ka ji ta duka?"

"Na ji ta ya fi a ƙirga."

Auta ta ture faranti ta miƙe. Yaya ya bi ta da kallo, sannan ya dube ni. "Yaran yanzu ba sa son gyara," ya ce, ya ci gaba da cin abincinsa.

Na same ta a ɗaki ta sauko da akwati daga saman kabad. Ba kuka take yi ba, kuma da kukan ne da hankalina ya fi kwanciya. Ta ce wata abokiyar aikinta tana da ɗaki kusa da makaranta, ranar Lahadi za ta koma can. Ta ce Asabar da yamma za a rufe aikin waƙar a sutudiyo, za ta ce musu su cire muryar Mama su cike wurin da kiɗa.

"Ki ƙara yi masa magana mana."

"In ce me, Gwaggo? Mutum ya ji muryar matarsa, ya zo yana yi mini zancen fatar ganga. Ba zan roƙe shi ya ji wani abu a ransa ba."

Na kwana biyu ina gaishe da Yaya a taƙaice, shi kuma bai lura ba, domin an kawo masa sabuwar igiya.

Ranar Asabar na kai musu shayi, maimakon in fita sai na ja kujera na zauna. Raina a ɓace yake, kuma na ƙudura yau sai na ga fuskar da yake yi idan muryar matarsa ta shigo. Lauya ya dube ni ya dubi Yaya. Yaya ya ce in dai ba zan motsa kujerar ba, babu laifi.

Waƙar Auta suke gwaji da ita. A fuskar kwamfutar Yaya akwai wani dogon layi da ɗigo yake bi yayin da waƙa take tafiya. Lauya ya saka Mai Lallashi, tsarkiya ta fara, ganga ta shigo, ɗigon ya yi tafiyar da ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba, sai Yaya ya danna maɓalli, ɗigon ya koma farko. Aka cire Mai Lallashi da sauri aka saka Katako. Tsarkiya, ganga, maɓalli. Aka miƙa wa Kyaftin. Tsarkiya, ganga, maɓalli. Shayin ya huce suna abu ɗaya, ɗigon nan bai taɓa tsallake wurin ba.

"Yaya, me ya sa kuke ta komawa baya?"

"Kunne mantuwa gare shi," ya ce, da muryar da yake koya wa yara wanke baki. "Idan kika bari waƙa ta yi nisa, kin manta yadda farkon ya fito a na farko. Dole gajeren wuri ɗaya, a yi ta maimaitawa, a canza da sauri. In ba haka ba ai ba gwaji kike ba, jin waƙa kawai kike yi."

"To me waƙar take cewa?"

Su ukun suka dube ni kamar na shigo da takalmi cikin ɗakin tiyata.

"Ƙanwata," in ji Lauya cikin tausayi, "mu ba kalmomi muke sauraro ba."

"Me ta ce?" in ji Kyaftin.

"Yaya, tsakani da Allah, ka taɓa wuce wurin nan?"

"Wurin nan shi ne ya fi kyau. Duk abin da ake buƙata yana ciki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Malam Gaskiya ne a kansa a lokacin, waƙar ta sake farawa, yatsansa yana shawagi a saman maɓalli yana jiran ganga. Na rufe maɓallin da tafin hannuna, na riƙe wuyan hannunsa da ɗayan. Wanda ya yi shekaru yana jan yadi mai kauri ƙarƙashin allura ba a ƙwace masa abu da sauƙi.

"Ke! Lafiyarki?"

"Yau sai ka kai ƙarshe, ko da za ka kore ni daga gidan nan."

"To ai gwajin ya lalace," in ji Lauya.

Ɗigon ya tsallake iyakarsa. Da yake Malam Gaskiya ba ya riƙe sirri, muna jin komai siriri daga ragarsa. Muryar Auta ta shigo. Yaya ya ɗaga gira.

"Ashe akwai murya," ya ce.

Na ji kamar in maƙure shi, amma hannuwana duka biyu suna kan aiki. Ya daina kokawa da ni. Da farko fuskar gwaji ya saka, ido a rufe, baki a tsuke, yana auna inda muryar ta tsaya tsakanin kunnuwansa. A hankali tsukewar ta saki. Kayan kiɗa suka fara janyewa, shuu ɗin nan ya taso.

Lauya ya karkato kai yana sauraren abin da ke yoyowa. "Kash, sun ɓata. Wannan wurin da waya aka ɗauka, ji ƙura."

Yaya ya ɗaga masa hannu ba tare da ya buɗe ido ba. Na ji jijiyar wuyan hannunsa tana bugawa a tafina. Matarsa tana rera waƙar guga. Ta kai wurin da take yin shiru, wurin da na ɗauka numfashi take ja.

Sai Yaya ya buɗe ido firgigit, ya juya kansa hagu, wajen ƙofa.

"Na'am?" ya ce da ƙarfi.

Babu kowa a ƙofar. Ya daɗe yana kallonta. Waƙar ta ci gaba har ta ƙare, ɗigon ya isa ƙarshen layi a karon farko, ya tsaya. Yaya ya cire hedifon ɗin da hannu biyu, ya ɗora mini a kai, abin da bai taɓa yi ba. Ya mayar da ɗigon tsakiya.

Gaskiya ne abin da suke faɗa, sai na ji kamar ina tsaye a falon gidan nan. Na ji ƙarfen guga yana sauka a kan tufa. Na ji matar Yaya ta rera, ta tsaya, ta kawar da baki daga wayar. Can nesa, ƙasa-ƙasa, ta hagu, ta ce, "Baban Auta." Ta jira. "Baban Auta, zo ka sa baki, 'yarka nake rera wa." Babu amsa. Abin da kawai ke tashi daga can ƙuryar shi ne tsi-tsi-tsi, yoyon Malam Gaskiya, wani gajeren kiɗa da ya tsaya ya koma farko. Sai ta yi 'yar dariya mai gajiya, ta dawo kusa da wayar. "Babanki yana sauraro. Bari in ƙarasa miki ni kaɗai."

Na cire abin na ajiye a kan tebur, ba a kan mazauninsa ba, kuma babu wanda ya gyara mini.

"Akwai wani abu a bayan ne?" in ji Lauya, ya riga ya miƙa hannu. "Bari mu ji ko Mai Lallashi zai fito da shi."

Kyaftin ne ya kama masa hannun riga. Bai ji komai ba, amma idonsa lafiya lau yake, kuma ya ga fuskar Yaya. "Tashi mu tafi," ya ce da muryarsa ta kurame, ya ja shi suka fita.

Yaya ya miƙe ya nufi ɗakin Auta, na bi shi. Ƙofar a buɗe take. Akwati ya cika, tana zaune a bakin gado ta ba mu baya, iyafis a kunne, waya a hannu, jakar fita a kafaɗa.

"Auta," ya ce. Ba ta ji ba. "Auta."

Na matsa zan taɓa ta, ya tare ni da hannu. "Bar ta. Ni zan jira."

Bai jira da yawa ba, ta ga inuwarmu a jikin kabad. Ta juyo ta zare kunne ɗaya, fuskarta a ɗaure.

"Ashe mamanki ta kira ni," ya ce.

"Sai yau ka ji?"

"Sai yau na kai wurin. Kullum a farko nake tsayawa."

Ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Na ga tana son ta yi dariya, tana son ta yi ihu, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"A sutudiyo sun ce a goge kiran," ta ce. "Na ce a bar shi can ƙasa-ƙasa yadda yake. Babu wanda zai ji shi a waya ko a mota. Kai kaɗai na sani kake da abin da zai jiyo shi."

Yaya ya zauna a bakin gadon. "Kada a taɓa komai. Har ƙurar, a bar ta. Ki sake ta duniya ta ji."

Auta ta sauke jakar daga kafaɗarta. Ta dubi kunnen iyafis ɗin da ke hannunta, da salatif ɗinsa da ya fara baƙi, ta miƙa masa. Na ɗauka zai goge shi da gefen riga tukuna. Bai goge ba, ya cusa a kunne, suka zauna kafaɗa da kafaɗa igiyar ta haɗa su. Ta kunna waƙar daga farko, ta ajiye wayar a tsakaninsu.

Tsarkiya ta fara. Ganga ta shigo. Ina tsaye a ƙofa na ga yatsan Yaya ya ɗaga da kansa, ya nufi wayar.

Auta ta kama hannun, ta riƙe shi a nata.